Fashin Baƙi: Su Wane Ne Fursunonin da Birtaniya Ta Kwasa Zuwa Ostiraliya, Kuma Wace Irin Rayuwa Suka Yi?

Duk lokacin da wata ƙasar Turai ta fito da shirin kwasar mutanen da ba ta so domin ta kai su wata ƙasa mai nisa, kamar yadda Birtaniya ta yi yunƙurin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda daga shekarar 2022 har aka soke shirin a 2024, sai ka ji an tado da zancen Ostiraliya. Wasu su ce ai mutanen ƙasar nan kaf zuriyar 'yan fashi ne da masu kisan kai. Wasu kuma su ce ai wannan shaida ce cewa Turawa ma an bautar da su kamar yadda aka bautar da baƙar fata, saboda haka a daina kukan cinikin bayi. Kowace daga cikin maganganun nan biyu tana da ɗan abin da ta dogara da shi, amma dukansu sun kauce wa gaskiya. To su wane ne waɗannan mutane, me suka aikata, wace rayuwa suka tarar a can, kuma shin abin da aka yi musu bauta ce?

Mene ne hukuncin jigila?

Turawan kansu da kalmar da ke nufin jigila suke kiran wannan hukunci, wato kalmar da ake amfani da ita wajen ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani. Alƙali zai yanke wa mai laifi shekara 7, ko 14, ko iya tsawon rai, amma maimakon a kulle shi a kurkuku sai a sa shi cikin jirgin ruwa a kai shi wani yankin da Birtaniya ke mulka a ƙetaren teku, ya yi aikin tilas har wa'adinsa ya cika. Hukunci biyu ne a dunƙule: raba mutum da ƙasarsa, da kuma cin guminsa ba lada. Wanda ya kuskura ya dawo gida kafin wa'adi, rataya ce hukuncinsa. Wanda kuma ya cika wa'adin, gwamnati ba ta biya masa kuɗin jirgin komawa, shi ya sa ga mafi yawansu shekara bakwai ta zama rabuwa ta har abada.

Kada a haɗa wannan da irin korar da Turawan mulkin mallaka suka yi wa sarakunanmu, kamar Sarkin Kano Alu da aka kama a 1903 ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926. Waccan kora ce ta siyasa domin a raba sarki da jama'arsa. Jigila kuwa hukuncin kotu ne da ya fi faɗa wa talakawa, kuma aiki ne ginshiƙinsa. Tsakanin 1718 da 1775 an kai kimanin mutum 50,000 Amurka. Tsakanin 1788 da 1868 an kai kimanin 162,000 Ostiraliya, kusan 25,000 daga cikinsu mata. An kuma kai wasu dubbai tsibirin Bamuda da Jibralta domin gina tashoshin jiragen yaƙi.

Abin da ya haifar da shi

A Ingila ta ƙarni na 18, masu hannu da shuni sun yi ta killace filayen noma da kiwo waɗanda a da na kowa da kowa ne, talakawan karkara suka kwararo birane neman abin sawa a baki, ga kuma sojoji da ake sallama da zarar yaƙi ya ƙare ba tare da wata sana'a ba. Sata ta yawaita, alhali Landan ba ta sami rundunar 'yan sanda ta sosai ba sai a 1829. Majalisa, wadda masu dukiya suka cika, sai ta riƙa tare matsalar da tsoratarwa, har laifuffukan da ake rataye mutum a kansu suka haura 200. Satar kayan sule 5 a kanti, ko kayan sule 40 a cikin gida, ta isa a kai mutum ga igiya.

Sai dai dokar ta fi ƙarfin zukatan masu zartar da ita. Mutanen gari da ake zaɓowa su taya alƙali yanke hukunci sukan rantse cewa kayan da aka sata sule 39 ne, ko da kowa ya san sun fi haka, domin kawai su ceci ran yaro ko matar da yunwa ta tura. Gidajen yarin wancan zamani kuma wuraren jiran shari'a ne da tsare masu bashi, ba a gina su domin ɗauri mai tsawo ba. Tsakanin bulala da rataya babu wani hukunci na tsaka-tsaki, kuma wannan giɓin ne dokar jigila ta 1718 ta cike. 'Yan kwangila suka riƙa kwasar ɗaurarru zuwa Virginia da Maryland, yankunan da Birtaniya ke mulka a Amurka a lokacin, suna sayar da wa'adin aikinsu ga manoman taba. Mutanen can ba su ji daɗi ba, har marubuci kuma ɗan siyasar Amurka Benjamin Franklin ya rubuta a 1751 cewa kamata ya yi su ma su aika wa Ingila macizai a matsayin tukuici.

Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, ƙofa ta rufe, kotuna kuwa ba su daina yanke hukuncin ba. Daga 1776 aka fara tara fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka cire wa filafilai aka girke su a kogin Thames, da rana a fito da su cikin mari su yashe kogi, da dare a mayar da su cikin ɗoyi da zazzaɓi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Afirka ta Yamma aka fara hange kafin Ostiraliya. A 1782 an sa wa wasu ɗaurarru kayan soja aka kai su sansanonin bakin teku na ƙasar da yau ake kira Ghana. Zazzaɓi ya kashe da yawa, wasu suka tsere wurin Turawan Holan, kwamandansu Kenneth Mackenzie kuwa ya sa aka ɗaure ɗaya daga cikinsu a bakin igwa aka harba, abin da ya kai shi gaban kotu a Landan. A 1785 an yi shawarar wani tsibiri a cikin kogin Gambiya aka watsar saboda tsoron cuta, aka aika jirgi ya duba gaɓar Namibiya ta yau ya tarar da hamada. Sai a 1786 aka tsayar da magana a kan Botany Bay da ke gaɓar gabashin Ostiraliya, wurin da matuƙin jirgin ruwa James Cook da masanin tsirrai Joseph Banks suka sauka a 1770.

Kwabon ban kwana da tafiyar teku

Akwai wani ɗan abu da ya fi duk wata takardar gwamnati nuna halin da mutanen nan suke ciki kafin tashi. Fursuna yakan sami kwabon tagulla, ya yi ta goga shi a dutse har hoton sarki da rubutun jikinsa su shafe, sannan ya ɗauki ƙusa ya riƙa huda ɗigo-ɗigo har ya fitar da sunansa, da sunan matarsa ko mahaifiyarsa, da yawan shekarun da aka yanke masa. Wani ya zana jirgin ruwa, wani zuciya, wani mutum da sarƙa a ƙafa, a ɗaya gefen kuma ɗan baiti mai cewa idan kin ga wannan ki tuna da ni. Gidan tarihin ƙasa da ke Canberra yana ajiye da irin waɗannan kwabbai fiye da 300. Akasarin waɗanda aka bar wa su ba su sake ganin masu su ba.

Ayarin farko, jirage 11 ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ya bar Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 da fursunoni fiye da 700, ya ya da zango a Tenerife da Rio de Janeiro da Cape Town, ya isa bayan wata takwas. Da Phillip ya ga Botany Bay ba ta da isasshen ruwan sha sai ya matsa arewa kaɗan, ya kafa tuta ranar 26 ga Janairu 1788 a inda birnin Sidni yake yanzu. Saboda ya kula da abinci da tsabta, mace-macen hanya ba su yi yawa ba.

Ayari na biyu, na 1790, shi ne abin kunyar. An ba da kwangilarsa ga kamfanin Camden, Calvert da King, wanda dama safarar bayi ce sana'arsa, a kan fam 17 da sule 7 da sisi kowane kai, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ke nan duk wanda ya mutu a hanya riba ce, domin abincinsa ya zama hajar sayarwa a can. Aka sa musu irin marin da ake sa wa bayi, aka bar su a ƙasan jirgi cikin ruwa da ƙazanta. An ruwaito cewa mutum yakan ɓoye mutuwar wanda aka ɗaure su tare na kwanaki domin ya riƙa karɓar rabonsa. Daga cikin kimanin 1,000 da suka tashi, sama da kashi ɗaya bisa huɗu sun mutu a teku, wasu da dama suka cika bayan sauka. Ba a hukunta kowa ba. Amma daga baya da aka fara ɗaura wani ɓangare na kuɗin a kan adadin waɗanda suka isa da rai, sannan daga 1815 aka sa likitan rundunar ruwa a kowane jirgi da cikakken iko a kan lafiyar fursunoni, mace-mace suka ragu zuwa ƙasa da biyu cikin ɗari. Teku ba ta canza ba, yadda ake biyan ɗan kwangila ne ya canza.

Wane irin laifi suka yi?

Hukuma ta rubuta kowane fursuna dalla-dalla domin gane shi idan ya tsere: tsawonsa, launin idonsa, tabon jikinsa, zanen da ya yi a damtse, sana'arsa, ko ya iya karatu. Waɗannan kundaye suna nan, kuma abin da suke nunawa shi ne mafi rinjaye ɓarayin ƙananan kaya ne, matasa 'yan shekara ashirin da wani abu, waɗanda suka saci tufafi, agogo, tunkiya ko kayan ubangidansu. Masu kisan kai akasari a gida ake rataye su. Ba daidai ba ne kuma a mai da su duka waliyyai waɗanda suka saci burodi sau ɗaya, domin da yawa an taɓa kama su a baya. Amma mutane ne masu sana'a, akwai magina, maƙera, masaƙa, madunka da manoma, kuma bincike ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka fito daga Ingila sun iya aƙalla karatu.

Akwai yara. John Hudson, mai share bututun hayaƙi, yana da shekara 9 aka yanke masa hukunci, yana 13 ya shiga ayarin farko. Mary Wade ba ta wuce shekara goma sha kaɗan ba aka yanke mata hukuncin kisa a 1789 saboda ta tuɓe wa wata yarinya tufafi ta sace su, aka sassauta zuwa jigila, kuma tsohon Firayim Ministan Ostiraliya Kevin Rudd yana cikin zuriyarta. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu 'yan Ayilan ne, cikinsu har da waɗanda suka yi tawayen 1798. Fursunonin siyasa ba su da yawa amma sunansu ya fi fita, kamar ma'aikatan gona shida na ƙauyen Tolpuddle da aka yanke wa shekara 7 a 1834 saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiyar ƙwadago, har sai da jama'a suka tara sa hannu kusan 800,000 aka yi musu afuwa a 1836. Ba duka ne farare ba. John Caesar, baƙar fata, yana cikin ayarin farko, ya sha tserewa daji har aka harbe shi a 1796. David Stuurman, shugaban al'ummar Khoi da ya yi wa Turawa turjiya a Afirka ta Kudu, an kai shi Sidni a 1823 ya rasu a can a 1830.

Aiki, bulala da takardar sassauci

Shekarun farko yunwa ce ta mulki kowa. Ƙasar ba ta karɓi irin da aka zo da shi ba, ƙwararrun manoma kaɗan ne, jiragen agaji kuma suka yi jinkiri. Phillip ya daidaita rabon abinci tsakanin soja da fursuna har da shi kansa, kuma mutum na farko da aka rataye, Thomas Barrett, a Fabrairun 1788, satar abinci daga rumbun gwamnati ce laifinsa. Amma a wannan shekarar ce kuma wani abu ya faru da ba zai yiwu a Ingila ba. Fursunoni biyu, Henry Kable da matarsa Susannah, suka kai ƙarar kyaftin ɗin jirgin Alexander saboda ɓatan ƙunshin kayansu, kotu ta saurare su ta ba su fam 15. A gida, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa matacce ne a idon doka, ba ya ƙara ba ya shaida. A inda fursunoni suka fi kowa yawa kuwa, dole aka sassauta wannan ƙa'ida, in ba haka ba harka ba za ta gudana ba.

Sidni ta farko ba ta yi kama da kurkuku ba, daji da teku ne katangarta. Kafin a buɗe barikin Hyde Park a 1819, fursunan gwamnati shi yake nemar wa kansa ɗakin kwana, ya yi aikin hukuma zuwa bayan azahar, sauran yinin ya yi ƙwadago a biya shi. Mafi yawa kuwa rarraba su aka riƙa yi ga masu gonaki da 'yan kasuwa, ubangida ya ciyar ya tufatar, shi kuma ya mori aikin kyauta. A nan ne rayuwar mutum take komawa caca. Mutum biyu da alƙali ɗaya ya yanke wa hukunci ɗaya a rana ɗaya, ɗaya zai faɗa hannun mai tausayi da ke buƙatar akawu ko kafinta, ya sami shayi da sukari da taba, ɗayan kuma a tura shi kiwon tumaki a ƙungurmin daji, shi kaɗai a bukka, duk tunkiyar da ta ɓata bayansa ne zai biya.

Doka ta hana ubangida dukan fursunansa da kansa, sai dai ya kai shi gaban majistare. Matsalar ita ce majistaren nan galibi maƙwabcinsa ne mai gona, shi ma da nasa fursunonin. Rashin kunya, maye, sakaci ko fashin aiki sukan jawo bulala 25 ko 50. Ana tuɓe mutum a ɗaure shi a jikin itatuwa uku da aka harɗe kawunansu, wani fursuna ɗan'uwansa ya tsala masa bulala mai harshe tara da ƙulli a kowane harshe, wadda kafin a kai rabin adadi ta riga ta yaga fata. Wanda ya sake laifi sai a tura shi ayarin masu fasa dutse da mari a ƙafa, irin waɗanda suka sare babbar hanyar arewa daga Sidni tsakanin 1826 da 1836.

Abin da ya riƙe tsarin, a ganina, ya fi ƙarfin bulala, wato sa rai. Mai shekara 7 da ya nuna hali nagari yana iya samun takardar sassauci bayan shekara 4, mai 14 bayan 6, mai ɗaurin rai da rai bayan 8. Da wannan takarda zai yi aikin kansa ya riƙe kuɗinsa, bisa sharaɗin ba zai bar gundumarsa ba kuma zai riƙa bayyana ranar ƙidaya, kuskure kaɗan kuma a ƙwace ta. Bayanta akwai afuwa mai sharaɗi, wadda take 'yanta mutum muddin ba zai koma Birtaniya ba. Gwamna Lachlan Macquarie, wanda ya yi mulki daga 1810 zuwa 1821, ya yi imani cewa wanda ya gama wa'adinsa ya koma cikakken mutum. Ya ɗauki Francis Greenway, wanda aka kawo saboda takardar jabu, ya mai da shi mai zanen gine-ginen gwamnati, ya kuma jawo likita William Redfern, tsohon fursuna, jikinsa. Wannan ya ɓata wa manyan masu filaye rai, a Landan ma aka fara cewa talaka zai daina tsoron hukuncin. Aka aiko John Thomas Bigge ya yi bincike, rahotanninsa na 1822 da 1823 suka nemi a mai da jigila abin firgita. Saboda haka shekarar da mutum ya sauka ma tana cikin cacar: wanda ya zo a 1815 da wanda ya zo a 1830 ba ƙasa ɗaya suka tarar ba.

Mata da ƙananan yara

Mata sun sha wahala iri biyu. Maza sun ninka su sau da yawa, hukuma da limaman coci kuma suka yi musu kuɗin goro da sunan karuwai tun kafin su sauka. Galibi aikatau ake tura su gidaje, inda babu mai kare su daga maigida ko barorinsa. Wadda ta yi ciki sai a mayar da ita gidan aikin mata, irin na Parramatta ko na Cascades da ke Hobart, ta haihu, a yaye jaririn da wuri, ita kuma a ƙara mata watanni a sashen masu laifi tana wanki da tsifar igiya, namijin kuwa ba mai tambayarsa. Jarirai da yawa sun mutu a ɗakunan renon nan masu sanyi da cunkoso, waɗanda suka rayu aka kai su gidan marayu alhali iyayensu mata suna raye. Hukuncin da matan suka fi ƙi shi ne aske kai, kuma ya sha jawo bore. Duk da haka akwai irin su Mary Reibey, wadda aka kama tana yarinya cikin kayan maza da dokin sata, ta isa Sidni a 1792, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa mai jiragen ruwa. Hotonta ne a kan takardar dala 20 ta Ostiraliya. Yara maza kuwa an ware musu gidan horo na Point Puer a Tasmaniya, tsibirin da ke kudu da babban yankin Ostiraliya, daga 1834, ana koya musu sana'a ana kuma dukansu.

Wuraren da ake kai masu laifi na biyu

Labaran azabar da suka fi shahara daga wasu 'yan wurare suka fito, waɗanda aka tanada domin wanda ya sake laifi bayan isowa: Macquarie Harbour, Moreton Bay, Port Arthur, da tsibirin Norfolk. Ƙalilan ne suka je can, amma tsoronsu ya ratsa kowa, kuma dama manufar ke nan. Port Arthur tana kan wani zirin ƙasa da aka jera karnuka a ɗaure a ƙofarsa. Bayan boren 1834 a Norfolk, limamin Katolika William Ullathorne ya je sanar da waɗanda aka yanke wa kisa sakamakonsu, ya ba da labarin cewa waɗanda aka ce za a rataye su sun durƙusa suna gode wa Allah, waɗanda aka yi wa sassauci kuma suka fashe da kuka. Alexander Maconochie, da ya riƙe tsibirin daga 1840 zuwa 1844, ya gwada tsarin tara maki inda aiki da ladabi ke rage wa mutum wa'adi, aka ga ya cika sassauci aka cire shi. Daga baya a Port Arthur aka gina kurkukun kaɗaici, inda ba duka amma ba magana, ana kiran mutum da lamba, a rufe masa fuska idan zai fita. Mutane da dama sun sami taɓin hankali a ciki.

Shin bauta ce?

Masu cewa bauta ce ba yau suka fara ba. Kwamitin majalisa ƙarƙashin William Molesworth, a 1837 zuwa 1838, 'yan shekaru bayan dokar 1833 da ta haramta bauta a daular, ya kamanta rarraba fursunoni ga iyayengiji da bauta, kuma yana da hujja: aiki ba lada, bulala, mari, da mutum a ƙarƙashin son zuciyar wani. A Amurka ma har sayar da wa'adinsu aka yi a kasuwa. Babu mai gaskiyar da zai raina wannan wahala.

Amma bambancin babba ne, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. Fursuna yana da ranar fita. 'Ya'yansa 'yantattu ne tun daga haihuwa. Yana iya kai ƙara, ya mallaki dukiya, kuma da ya gama wa'adi launin fatarsa ba ya tona shi, jikansa yana iya zama alƙali ko minista. 'Yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage zuwa ƙetaren Atlantika ba kotu ce ta yanke musu komai ba, ba su da wa'adi, kuma 'ya'yansu da jikokinsu dukiyar wani ne. Wanda ya ɗauki wahalar fursunonin nan domin ya rufe bakin masu maganar cinikin bayi ya zalunci ɓangarorin biyu.

Waɗanda aka ƙwace wa ƙasa

Duk labarin tsohon fursuna da ya yi arziki yana da wani gefe. Umarnin da aka ba Phillip ya ce a ba wanda ya gama wa'adi eka 30, a ƙara masa 20 idan yana da mata, da 10 a kan kowane ɗa. Wannan ƙasa tana da masu ita, al'ummomin da suka shafe dubban shekaru a kanta, kuma ba a yi yarjejeniya da su ba, ba a biya su komai ba. A 1789 cutar agana ta kashe kimanin rabin 'yan asalin yankin Sidni. Da tumaki suka bazu cikin ƙasa, fursunoni makiyaya ne aka sa a bakin daga, ana kashe su suna kashewa. A Myall Creek, ranar 10 ga Yuni 1838, wasu fursunoni da tsofaffin fursunoni ƙarƙashin jagorancin ɗan wani mai gona suka ɗaure aƙalla mutum 28, galibi mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su. An rataye bakwai, abin da ba kasafai yake faruwa ba, jagoran kuwa bai taɓa gurfana ba. A Tasmaniya yaƙin shekarun 1820 zuwa farkon 1830 ya kusa share 'yan asalin tsibirin. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita lokacin da Turawa suka zo. Wannan ne ya sa ranar 26 ga Janairu take ranar biki ga wasu, ranar makoki ga wasu.

Yadda aka daina, da abin da ya shafi yau

An dakatar da jigila zuwa yankin Sidni a 1840, zuwa Tasmaniya a 1853. 'Yantattun ma'aikata ba sa son gasa da aikin kyauta, masu gari suna ƙyamar sunan, a 1849 mutanen Cape Town suka ƙi sayar wa hukuma abinci har sai da jirgin fursunonin da aka turo musu ya juya. Da aka gano zinariya a 1851 kuma, ya zama wauta a kai ɓarawo kyauta inda masu gaskiya ke sayar da kayansu domin su je. Birtaniya ta koma gina manyan kurkuku a gida. Yammacin Ostiraliya ce kaɗai ta roƙi a kawo mata saboda ƙarancin ma'aikata, ta karɓi maza kusan 10,000 daga 1850 har jirgin ƙarshe, Hougoumont, ya isa Fremantle a Janairun 1868.

Shirye-shiryen yau na tura baƙi wata ƙasa ta uku, har da wanda Ostiraliya kanta ta fara a tsibiran Nauru da Manus a 2001, ba jigila ba ne, domin mai neman mafaka ba kotu ce ta same shi da laifi ba, kuma ba aikinsa ake nema ba. Inda suka yi kama shi ne a tambayoyin da ya kamata duk mai ɗan'uwa a ƙetare ya riƙa yi: wa aka ba kwangilar tsare mutanen, a kan me ake biyansa, wace kotu ce za ta ji kukansu, akwai ranar fita, kuma yaya makomar iyalin da aka bari.

Zuriyar fursunonin sun daɗe suna ɓoye asalinsu, wasu har suna canza suna. Yau kuwa ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar yana da kaka fursuna, mutane suna tonon kundaye suna neman nasu, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa wurare 11 na wancan zamani cikin kayan tarihin duniya. Zamanin ma bai yi nisa yadda ake zato ba. Samuel Speed, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya rage a cikinsu, an kai shi Yammacin Ostiraliya a 1866 saboda shi da abokinsa, ba su da wurin kwana ba su da abinci, sun cinna wa tarin amfanin gonar wani wuta domin a kama su. Ya gama wa'adinsa, ya yi aikin gina gadoji, ba a sake kama shi da wani laifi ba, ya rasu a gidan tsofaffi a birnin Perth a 1938.